Wucewa Nake Yi

Ni dai in za a rubuta tarihin ƙungiyarmu, a taimaka a tsallake babin da na faɗo daga kan kujera. Amma na san ba za a tsallake ba tunda Rediyo tana raye, don haka gara in faɗa da bakina kafin ta ƙara masa gishiri.

Shekara talatin da takwas ke nan muna jinyar matan da ba su da mai jinya a babban asibitin garinmu. Mu biyar muka fara. Uku sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da Rediyo, aminiyata tun muna 'yanmata, wadda sunan ya bi ta saboda in ta buɗe baki ba a kashe ta sai dai batir ya ƙare. Yanzu mun kai mu sittin da 'yan kai. Mu kai abinci, mu ɗora ruwan zafi, mu wanke zannuwa, mu yanke farce, mu tsefe kai mu kitse, mu zubar da fo. Ni ce shugaba tun ranar farko. An yi zaɓe sau tara, duk taran ba wadda ta tsaya takara da ni. Da cewa nake ƙauna ce, yanzu na fara zargin tsoron bakina ne.

Watan jiya hukumar asibiti ta ba mu takardar yabo, an sa ta a gilashi, gefenta ruwan zinare. Aka yi shawara a rataye ta a ɗan ɗakinmu da ke kusa da kicin ɗin asibiti. Na ce a'a, bangon nan akwai danshi, bari in ajiye ta a gida kafin a gyara. Tsakani da Allah bangon nan ya fi maƙogwarona bushewa. So nake duk wanda ya ɗaga labulen falona ya yi ido biyu da ita kafin ya yi ido biyu da ni.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauko guduma da ƙusa, na jawo kujerar roba na hau. Mace mai shekara sittin da tara, mai jika huɗu. Na ɗaga guduma ke nan ƙafafun kujerar suka baje. Ƙafata ta dama ta karye wuri biyu, wuyan hannun dama ya gurɗe. Takardar kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Maƙwabcina mai shago ne ya ji ihuna, ya kira mota ya kai ni. Likita ya ce sai kumburi ya saɓe za a yi aiki, in kwanta mako guda. Aka tura ni a keke cikin doguwar barandar nan da na san kowane ramin simintinta, har ɗakin mata na ƙarshe. Ɗakinmu ke nan, inda muka fi aiki.

Sai na yi bayanin abu biyu da na ƙirƙiro, waɗanda ba taron da zan yi jawabi ban yi alfahari da su ba. Na farko shuɗin ƙyalle. In aka kwantar da mace aka ga ba ta da kowa, Sista za ta ɗaura ɗan shuɗin ƙyalle a ƙafar gadonta, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Mu kaɗai muka san ma'anarsa, ba sai an yi shela an kunyata baiwar Allah ba. Kuma na kafa doka: gadon da ba ƙyalle ba a tsayawa a kansa, ko na wace ce, kada a ci mutuncin dangin mutane. Na taɓa sallamar mata biyu daga ƙungiya a kan dokar nan. Na biyu kuma sallamarmu. Ba a cewa an zo taimako. Duk wadda ta shigo ƙungiya sai ta haddace a gabana: "Sannu, baiwar Allah. Wucewa nake yi, na ce bari in gaishe ki." Daga nan sai hira, daga hira sai bokitin ruwa.

Da aka gama ɗora mini filasta, Sistar ɗakin ta matso. Yarinya ce da na sani tun tana ɗaliba.

"Mama, wa zai zauna da ke?"

"'Yata tana hanya."

Auta ba ta kowace hanya. Tana can garin aurenta, tafiyar kwana biyu, ga aiki ga goyo. Yayanta ya fi ta nisa. Shekara uku tana roƙona in koma wajenta, ina ce mata ni ce gatan marasa gata, in na tafi wa zai riƙe su? To da wane baki zan ce mata na karye wajen rataye takardar da na sato? Da ta kira da yamma ta tambayi inda nake, na ce ina asibiti. Ta ce, "Kullum dai kina asibiti, Mama, ki riƙa hutawa." Na ce to. Kun ga ai ban yi mata ƙarya ba.

Sista ta ɗan kalli aljihun teburinta inda ƙyallayen suke. Na gan ta sarai.

"Kada ki kuskura," na ce. "Kuma in wata a ƙungiya ta ji ina nan, ni da ke ne."

"To, Mama."

An ce wanzami ba ya son jarfa. Shekara talatin da takwas ina cewa ƙyallen nan ba abin kunya ba ne, amma da na tuna za a iya ɗaura shi a ƙafar gadona, sai na ji gara a karya ɗaya ƙafar.

Ni na tsara jadawalin aiki, don haka na san lokacin shigowarsu: ƙarfe goma na safe da ƙarfe huɗu na yamma. Goma saura kaɗan sai in ja zane in rufe har kaina, in yi lamo kamar mai barci. Takalmina na fata ruwan ƙasa, wanda na shekara bakwai ina zuwa taro da shi, yana nan ƙarƙashin gado. Jakata tana kan loka. Duk ban tuna da su ba. Na zama yaron da ke rufe idonsa ya ce ba a ganinsa.

A gadon da ke damana akwai wata mata da ake kira Mai Wanki, sana'arta ke nan. Ciwon suga ya ci mata yatsun ƙafa, kuma ga shuɗin ƙyalle a gadonta. Ranar Lahadi ina ƙarƙashin zane na ji 'yanmatanmu biyu sun iso wajenta.

"Sannu, baiwar Allah. Wucewa muke yi, muka ce bari mu gaishe ki."

Daɗi ya kama ni. Ko wasali ba su ci ba, tarbiyyata ke nan. Suka yi mata wanka, suka canza zanen gado, suka tafi. Ina leƙo da kaina sai na ga Mai Wanki tana dariya har tana riƙe ciki.

"'Yan Wucewa sun wuce," in ji ta.

"Su wa?"

"'Yan Wucewa mana. Ke baƙuwa ce a garin nan? Ai sunansu ke nan."

Ƙungiyarmu tana da suna, dogo mai daɗi, ni na raɗa shi, yana rubuce a jikin takardar da ta karya ni. Ban taɓa jin wannan ba.

"Me ya sa ake ce musu haka?"

"Baiwar Allah, dubi can." Ta nuna ƙarshen ɗakin. "Me kika gani?"

"Bango."

"To ina za su wuce? Ɗakin nan shi ne na ƙarshe, daga shi sai banɗaki sai bango. Mace ta shigo da bokiti da kular abinci da mataji, ta ce wucewa take yi. Sai dai in bangon za ta yi wa kitso."

Matan gadajen kusa suka kwashe da dariya. Ni kuwa na tsaya ina kallon bangon nan kamar yau aka gina shi. Sau dubu nawa na shigo ɗakin nan na faɗi maganar nan da bakina, ban taɓa lura ba ƙofa a gaba ba. Mu sittin, har da malaman makaranta a cikinmu, ba wadda ta lura.

Na daure na ce, "Amma dai ƙyallen nan na gadonki, ado ne ko?"

"Wane irin ado? Alamar ba ni da kowa ce. Ni da kaina na ce wa Sista ta ɗaura mini tun kafin in hau gadon. Kowa ya sani ai, har masu shara. Waccan ta gadon taga 'ya'yanta shida, amma ta sa an yago mata shuɗin ɗankwali an ɗaura, wai kitson 'Yan Wucewa ya fi na 'yarta."

Innalillahi! Sirrin da na sa mata suka yi rantsuwa a kansa, ashe sirrin kasuwa ne.

"An ce shugabarsu wata mafaɗaciya ce," Mai Wanki ta ƙara, tana ɓare lemo. "Wai in ta shigo, har likitoci gyara riga suke."

"Ƙila dai tsari take so," na ce.

"Ƙila."

Na juya mata baya, iyakar juyin da filasta ta bari.

Maganar abinci kuwa, mai shago ya kawo mini burodi da madara ranar farko, na ce kada ya sake wahala, 'yata ta kusa. Da azahar ɗin Lahadi cikina har ƙugi yake. Sai Mai Wanki ta turo mini kula da sandarta.

"Taya ni, don Allah. Yaran nan sun cika mini abinci kamar mu biyu ne."

Na ce na ƙoshi. Ta ce zubarwa za a yi. To almubazzaranci ba kyau, sai na taimaka mata. Shinkafa ce da miya, ba yaji ko kaɗan, ga shayi ba sukari. Ina ci ina cewa a raina, lallai ƙungiya ta lalace, kwana ɗaya ba na nan har an manta da yaji, bari in warke. Ban tsaya na tuna cewa ni ce mai gyambon ciki da aka hana yaji ba. Haka na yi ta taimaka mata safe da yamma, har na fara jin ta cika sa'a da ta samu maƙwabciya irina.

Abinci dai ya samu, amma jiki ba abinci kaɗai yake so ba. Kwana uku ban ga ruwa ba sai na alwala da Sista ke miƙo mini a kofi. Kaina yana ƙaiƙayi, hannun da zan sosa yana naɗe. Ni da nake shiga ɗaki in ce wa yara, "Gadon can yana bukatar ruwa," tun daga bakin ƙofa, yau ni ce gadon can. Sista gado talatin gare ta da hannu biyu. In ina son fo sai in jira ta gifta, in yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman a rufa mata asiri.

Ranar Laraba, wajen sha biyun rana, aka kawo wata da ta yi haɗari, duk ma'aikatan suka rufu a kanta. Ni kuma fitsari ya matse ni. Na kira Sista sau biyu, ba ta ji ba. Ga masu jinya nan birjik, 'yar wannan, ƙanwar waccan, ko wacce na ce wa "don Allah" za ta taso. Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Shekara talatin da takwas ni ake ce wa ita. Na cije leɓe, na ƙirga silin, na karanta duk abin da na iya.

Sai na ji ɗumi yana bin bayana, yana gangarawa kan ledar katifa, har ya fara ɗiga a siminti. Rana tsaka, ɗaki cike da mutane. Wallahi tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na rufe ido na roƙi ƙasa ta tsage.

Ban ankara ba sai na ji ƙarar kofi a ƙasa, shayi ya fantsamo mini har gefen gado.

"Wayyo ni!" Mai Wanki ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Hannun nan nawa ya zama na banza. Na jiƙa miki gado da shayi, baiwar Allah, yi haƙuri." Ta cillo mini zanenta na canji, ya rufe ni daga ƙugu zuwa ƙasa.

Mutane suka waiwayo, suka ga kofi, suka koma harkarsu. Can ta matso bakin gadonta ta rage murya.

"Shugaba."

Na buɗe ido na kalle ta.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Shugaba. Haba, ya isa haka."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da aka turo ki. Su kuma tun ranar Lahadi, takalminki suka gani. Ƙaramar har ta fara kuka, babbar ta toshe mata baki. Kina tsammanin ni nake cin abinci ba yaji? Ni da ko shayi sai na ji kamar in barbaɗa masa? Kula biyu suke kawowa."

Na tuna irin godiyar da na riƙa jira ta yi mini don ina taya ta ci. Na ji kamar in koma ƙarƙashin zane, to shi ma ya jiƙe.

"Akwai wata mai surutu," ta ci gaba, "tana kan bencin baranda tun ranar Lahadi. Da safe ta zo da bokitinta, sai yamma ta tafi. Duk wanda ya gifta ya san tarihinki har na kakanninki. Na aika mata na ce ta shigo mana. Ta ce gadonki ba ƙyalle. Ta ce matar nan ta kori mutum biyu a kan dokar nan tana tsaye, ba za ta karya mata ita tana kwance ba."

Rediyo ke nan. Ranar aikinta Talata ce kawai, kuma gwiwarta ba ta son zaman benci.

"Ai kin ce kowa dariya yake mana," na ce. "'Yan Wucewa."

"Dariya daban, raini daban. Shekara talatin da suka wuce uwata ta kwanta a ɗakin nan, gado na uku daga ƙofa. Ina can gidan aiki a wani gari, ba a ba ni izinin zuwa sai ƙarshen wata. Ke kika riƙa zuwa. Wata biyu cur kina wucewa. Ke kika yi mata kitson da aka binne ta da shi."

Na yi ƙoƙarin tuno fuskar, ban iya ba. Suna da yawa.

"Ta san ƙarya nake?"

"Ta sani mana, makauniya ce? Cewa take, bari in gyara zama, mai wucewata ta kusa. Ai daɗin maganar ke nan. In kin ce wucewa kike, ni ma sai in ce a wuce lafiya, shi ke nan, ba sai na sunkuyar da kai ina godiya ba. Kada ku canza ta. Bangon ma ya saba."

Da aka sarara da mai haɗarin, na ɗaga hannun hagu.

"Sista. Don Allah zo."

Kalmar ta fita, kuma ban mutu ba.

"Buɗe aljihun teburinki ki kawo mini guda."

Ba ta tambaye ni guda me ba. Ta kawo, ta durƙusa a ƙafar gadon tana ɗaurawa can ƙasa. Na leƙa.

"Ba haka ake yi ba, zarge ɗaya ake yi don a ji daɗin kwancewa. Kuma ɗago shi sama inda za a gani, ɓoyon me kuma ya rage?"

"To, Mama," in ji ta, tana danne dariya. Ko a cikin fitsari ban daina shugabanci ba.

Ba ta gama miƙewa ba na ji ƙarar bokiti a bakin ƙofa. Ashe ta taga ake leƙenmu. Rediyo ta shigo tana ɗingishi, bokiti a hannu ɗaya, ɗaya hannun da tawul da zanen gado da mataji. Ta iso ta tsaya a kaina. Shekara hamsin da wani abu na san matar nan, ban taɓa ganin bakinta a rufe ba sai ranar. Ta kalli ƙyallen, ta kalle ni, ta gyara murya.

"Sannu, baiwar Allah. Wucewa nake yi, na ce bari in gaishe ki."

Na riga na shirya abin da zan ce: ina za ki, bango ne a gabanki. Yana kan harshena. Amma abin da ya fito daban.

"To tunda wucewa kike, ɗan tsaya mana."

Ta ajiye bokitin, ta ja labule ya kewaye mu. Ta ɗaga zanen Mai Wanki, ta ga abin da ke ƙarƙashi, ta ce, "Kai, shayin nan ya yi ɓarna." Ta mirgina ni a hankali yadda na koya wa mata sittin, ta zare jiƙaƙƙen ta shimfiɗa busasshe. Ta tsoma tawul a ruwan ɗumi ta fara goga mini baya.

"In mun gama ki kira mini Auta," na ce.

"Tana mota tun jiya, ni dokar ƙyalle na sani, ban san ta waya ba." Ta matse tawul. "Af, mai shago ya ce in gaya miki ya rataye takardar. Ya ce bangon falonki ba danshi ko kaɗan."

Na fashe da dariya har ƙafar ta amsa. Ina cikin dariyar ban san inda ta juya ba, sai na ji kafaɗuna suna rawa, hawaye yana zuba kan sabon zanen da ta shimfiɗa. Na yi na kujera, na yi na kwana huɗun nan, na yi har na matan da na manta fuskokinsu. Rediyo ba ta daina gugar bayana ba.

"Sabulu ne," in ji ta. "Sabulun nan akwai shiga ido."

Alhali ko wuyana ba ta kai ga wankewa ba.